TALIYA DA NIƘAƘƘEN NAMA: Girkin da fim ya mayar na masu kuɗi, alhali a ƙauye ake murza shi

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar, ko da kuwa sau ɗaya ya taɓa zama gaban bidiyo. Alhaji ya dawo daga ofis, Hajiya ta tarbe shi ta karɓi jaka, ta ce, "Sannu da zuwa Alhaji, ga abinci can a kan tebur." Sai a nuno kuloli jere reras. A buɗe ta farko, taliya ce ta sha nama tana ta ƙyalli. Alhaji ya kai cokali ɗaya, ya kai na biyu, kafin na uku rigima ta ɓarke, ko kuma waƙa ta shigo. Shi ke nan, an bar taliya tana kallon silin.

Akwai kuma fitowa ta biyu, wadda ta fi wannan ba 'yan kallo dariya. An kawo yarinya daga ƙauye aikatau ko riƙo. An ajiye mata farantin taliya da cokali mai yatsu. Ta zare ido, ta ja baya, ta ce ita wallahi ba ta cin tsutsa. Falo ya kaure da shewa, 'yan kallo ma a gida su kwashe da dariya har da riƙe ciki.

To amma abin tambaya a nan shi ne, wace ƙauyen ce wannan da ba a san taliya ba? Domin dai idan ƙauyukan arewacin Kano ne, irin na Dambatta da Makoɗa da Ƙunci da Tsanyawa da Bici da Bagwai da Minjibir, to ko shakka babu an yi wa yarinyar nan ƙage. Wataƙila ma da kuɗin taliyar da uwarta ke murzawa aka yi mata ɗinkin da ta shigo birni da shi.

TUN KAFIN TA LEDA

Taliya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tun kafin zuwan Turawan mulkin mallaka a 1903, Larabawan Gadamas da Tarabulus suna zaune a cikin birni suna fatauci, kuma da su ake danganta cimar alkama irin su gurasa da alkaki da taliya. Har gobe a ƙasar Libiya ana yin taliyar hannu, ana kuma dafa makaroni da nama da jajjage a tukunya guda. Abin da ya fara a matsayin cimar gidajen attajirai da sarakuna, sannu a hankali ya bazu, har ya zama sana'ar matan aure a cikin gida.

Wadda ake kira taliyar Hausa, ko 'yar murji, ba ta buƙatar wuta ko janareta. Ɗan injin hannu ne ake ɗaure shi a jikin benci ko turmi, mace ta kwaɓa fulawa da gishiri da ruwa, kwaɓi mai tauri, ta yi ta murzawa har ya yi faifai, sannan ta mayar da shi ɓangaren haƙora ya fito zare-zare. A shanya a igiya, iskar hunturu ta busar da ita kafin la'asar. Da safe yara su fito da ƙananan kwanuka a zuba musu da manja da yaji, wani lokaci da wake. Da yawa daga cikin 'yan wasan da ake gani yanzu suna juya cokali mai yatsu a gaban kyamara, da wannan taliyar suka yi karin kumallo zuwa makarantar allo.

Ta leda daga baya ta zo. Indomie ma da yara ke kuka a kanta, sai a 1988 ta fara shigowa Nijeriya. Fim ɗin Hausa na bidiyo kuwa, wanda ake lissafawa daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ƙane ne na baya-baya idan aka gwada shi da taliyar Hausa.

ƘASAR DA BA TA HUTAWA

Wanda bai taɓa fita daga birni ba sai dai a kallo, zai ɗauka ƙauye daji ne da bukkoki uku da rijiya ɗaya, kamar yadda wasu daraktoci suka saba nunawa. Ƙauyukan da ke kewaye da Kano ba haka suke ba. Gona tana manne da gona, gida yana hango gida. Tun a shekarun 1960 wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan yanki, sunansa ya fita a duniya saboda abu ɗaya: ƙasa ce da ake nomawa kowace damina ba hutu, jama'a sun yi yawa, amma ba ta mutu ba. Sirrin kuwa taki ne. Kashin awaki da tumaki da tokar murhu da sharar gida, duk gona ake kai su a mangala bisa jaki. Ga gero da dawa, ga wake da gyaɗa a tsakaninsu, ga ɗorawa da gawo da kuka an bar su tsaye a cikin gona domin kowannensu da aikinsa.

Idan damina ta wuce kuma sai a koma rani. Madatsun ruwan da aka faro ginawa tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, sun canza abin da ke shiga tukunya. Dam ɗin Watari a Bagwai da na Tomas a wajen Dambatta suna ba da tumatir da tattasai da attarugu da albasa. Alkama kuwa sanyi take so, don haka ake shuka ta wajen Nuwamba a girbe wajen Maris. Cibiyarta a jihar ita ce Kadawa, a kudancin Kano, inda ruwan Tiga ke bi. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, manoman Kano suka duƙufa, sannan aka ɗage hanin a 1992. Har yanzu mafi yawan alkamar da Nijeriya ke ci daga waje take zuwa, amma mai son ta gida zai same ta a kasuwar Dawanau.

Nama fa? Ranar Lahadi kasuwar Dambatta ke ci, kuma karar shanunta sananniya ce. Ka ga ke nan alkama da kayan miya da man gyaɗa da daddawa da nama da ƙwai da madara, babu ɗaya da sai an hau jirgi kafin a samo shi. Abincin da ake ɗora wa Alhaji a tebur a cikin fim, gaba ɗayansa zai iya fitowa daga ƙauyen yarinyar da ake yi wa dariya.

CAN MA ABINCIN LALLAƁA NE

Wani abin da zai ba matasa mamaki shi ne, girkin taliya da niƙaƙƙen nama da ake gani a finafinan Turawa, wanda ake fiddowa daga oben a faffaɗan kwano ana tururi, ba cimar masu hali ba ce a wurinsu. A Amurka suna ce masa kasarol, kuma girki ne na uwar 'ya'ya da ke son ɗan nama kaɗan ya ishi gida. A 1971, lokacin da nama ya yi tsada a can, wani kamfani ya fito da kwalin taliya da kayan ɗanɗano mai suna Hamburger Helper, don kawai a miƙar da ƙasa da rabin kilo na nama ya ciyar da iyali guda. A Masar ma suna da irinsa, makaroni da niƙaƙƙen nama da miyar madara a gasa. Dabarar dai ɗaya ce ko'ina: a niƙa nama ya bazu, a sa taliya ta cika ciki, a gasa su haɗe.

To wannan dabarar ta fi dacewa da gidan manomi fiye da gidan Alhajin fim. Gidan gandu ne fa, mai mutum goma sha biyu ko fiye. Ga maigida, ga tsohuwa, ga mata biyu, ga samari da suka wuni a gona, ga ƙananan yara, ga almajirin da zai yi sallama bayan magariba. Ranar da aka sayo rabin kilo na nama aka yanka shi tsoka-tsoka, kowa ya san yadda rabon ke kasancewa. Kwanon maigida ne farko, sai na tsohuwa, sai na samari. Kafin a zo kan yara sai ƙashi da romo, su kuwa matan da suka sha hayaƙi sau da yawa ƙamshi kawai suke samu. Daga nan ne ake jin, "Inna, Yaya ya ɗauke min nama!" Kuka ya tashi, wata ta ce an fifita 'ya'yan wata, ƙaramar magana ta zama babba.

Amma idan aka niƙa naman nan, magana ta ƙare. Babu tsokar da za a yi wa rububi, domin kowace loma da rabonta. Autan gida da maigida nama ɗaya suka ci. A wannan zamani da kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

GA YADDA AKE YI

Wannan awon na mutum goma zuwa goma sha biyu ne.

Za a nemi taliyar Hausa busasshiya ta fulawa kilo ɗaya da rabi, ko taliyar leda guda 3. Nama marar ƙashi kilo ɗaya, mai ɗan kitse-kitse. Idan hali bai kai ba, rabin kilo da dafaffen wake gwangwani biyu zai wadatar. Tumatir 10, tattasai 5, attarugu 4, manyan albasa 3, tafarnuwa, citta, masoro, ɗan kanumfari, daddawa ƙwaya biyu, gishiri da dunƙule. Man gyaɗa ƙaramin ludayi biyu. Ƙwai 6, madarar shanu kofi biyu. Sai ganye, alayyafo ko zogale, gwargwadon abin da ke bayan gida.

Farko dai naman. Ba dole sai an je babban kanti ba. Mahauci zai iya sassara shi ƙanana a kan katakonsa idan an roƙe shi, a gida kuma a ƙarasa da wuƙa, ko a zuba a turmi mai tsabta a kirɓa shi tare da albasa ɗaya da tafarnuwa da citta. Matan da suka iya dambun nama ba sa buƙatar a koya musu wannan. Sai dai a kiyaye: niƙaƙƙen nama ba ya jira. Ya fi tsoka saurin lalacewa, balle a garin da babu firji. A niƙa shi a lokacin da za a ɗora, kada ya wuni a rufe cikin leda. Turmin da wuƙar kuma a wanke su da sabulu kafin su taɓa wani abu.

A ɗora tukunya, a zuba mai, a soya albasa har ta yi laushi. A zuba naman ana farfasa shi da muciya don kada ya dunƙule. Zai fara fitar da ruwa. A bar shi ya tsotse, ya soma soyuwa, har sai babu sauran ja ko kaɗan a jikinsa. Nan ne ƙamshi zai tsallaka katanga. Sai a zuba jajjagen tumatir da tattasai da attarugu, a sa dakakkiyar daddawa da sauran kayan ƙamshi da gishiri da dunƙule. A bar shi ya dahu har mai ya taso, amma kada a ƙafe shi ƙaf. Miyar tana son ɗan ruwa-ruwa, domin taliya za ta sha. Ganye shi ne ƙarshe, ya yi minti biyu kawai.

A wata tukunyar a tafasa ruwa da gishiri. Nan ne mata da yawa ke faɗuwa jarrabawa. Taliyar da za a gasa ba a dafa ta ta nuna lugub, domin akwai wata wutar a gaba. Ta Hausa minti uku zuwa huɗu ya ishe ta, ta leda kamar shida. A tsame, a tsane a kwando, a ɗan yayyafa mai don kada ta cure.

Sai haɗi. A shafa mai a cikin tukunya mai kauri ko faffaɗan kwanon silba. A shimfiɗa rabin taliya, a bi da rabin miyar nama, a sake taliya, a rufe da sauran miyar. A kaɗa ƙwai da madara da ɗan gishiri da masoro, a kwarara a kai ko'ina ya ratsa. Turawa cuku suke barbaɗawa a sama. Ƙwai da madara suna yin aikin riƙe girkin, kuma sun fi sauƙin samu.

Oben fa? Ai kowace mai yin kek ɗin biki a ƙauye tana da nata. A zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora a wuta ya yi zafi, a zaunar da kwanon taliyar a kan yashin, a rufe, sannan a zuba garwashi a kan murfi. Wutar ƙasa kaɗan, ta sama ta fi yawa. Bayan minti 20 zuwa 25 a kwashe garwashin a hankali don kada toka ta faɗa, a duba. Idan saman ya yi ja, aka soka tsinke ya fito babu ɗanyen ƙwai, to ya yi. A sauke a bar shi ya huta minti goma. Mai gaggawa zai kwashi faten taliya; mai haƙuri zai yanka ta gunduwa-gunduwa kamar alkubus.

Idan an ɗora bayan la'asar, kafin a fito daga sallar magariba an gama rabo. A yanka albasa da kabeji a gefe, a ajiye yaji ga mai so. Abin da ya rage, in ma ya rage, a ɗumama shi sosai da sassafe, kada a bar shi ya kai rana.

ABIN DA AKE GANI A ALLO

Wani zai ce, to mene ne haɗin wannan da harkar fim? Haɗin babba ne. Fim makaranta ce, ko an yarda ko ba a yarda ba. Ɗinkin da jaruma ta sa a fim, kafin wata ya zagayo ya cika gidajen biki. Haka ma abinci. Yarinya a Ƙunci ko Tsanyawa da ta taso tana ganin cewa girkin kirki sai da gas da tebur da kuloli na alfarma, ita kuma a gidansu murhu ne da tabarma, me za ta ɗauka? Za ta ɗauka abin hannun uwarta abin kunya ne. Ranar da za a kai ta ɗaki, uba zai sayar da ɗan rago ko buhun gyaɗa don a cika kabet da kwanukan da ba za a taɓa cin abinci a ciki ba. Saurayi kuma zai riƙa ganin auren 'yar ƙauye ci baya ne, wai ba ta iya girkin zamani ba.

Kuma a duba aikin da ake ba abinci a labaran. In ba kishiya ce ta lallaɓa ta antaya wa miyar 'yar'uwarta gishiri ba, to boka ne ya ba da ƙulli a barbaɗa wa maigida. Kicin a fim ɗin Hausa ya zama wurin makirci. A finafinan camama kuwa, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi fice a cikinsu kafin rasuwarsa a Disambar 2014, abinci abin wawaso ne da dariya. Sun ba da nishaɗi, Allah ya jiƙansa, amma ba shi ke nan rayuwar karkara ba. Da wuya ka ga an tsaya an nuna mace tana lissafin yadda ɗan abin da aka ba ta na cefane zai ciyar da mutum goma sha biyu, ta kuma yi nasara. Alhali kuwa wannan shi ne labarin da ke faruwa kullum a dubban gidaje, kuma yana da tashin hankali da jarumta fiye da rigimar gado.

Ba a ce ba a fara gyarawa ba. Tun da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, shiri irin Daɗin Kowa ya nuna cewa 'yan kallo suna son ganin gidan talaka yadda yake, da tsakar gida da murhu da tabarma, shirin girki na Akushi Da Rufi kuma ya nuna cewa tukunya ma tana tara jama'a. Saura marubuta da furodusoshi su haɗa biyun a cikin labari.

Su kansu 'yan fim ai sun fi kowa sanin gaskiyar. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshan a ƙauye ya san cewa idan an ce "kat" aka tashi cin abinci, ba kulolin da aka jera wa kyamara ake buɗewa ba. Abin da matan gari ko masu kula da walwalar ma'aikata suka dafa a kan itace shi ake ci, darakta da jaruma da mai riƙe fitila duk a gindin bishiya ɗaya. Sannan a wanke hannu a koma gaban kyamara a nuna cewa mutanen garin ba su san taliya ba. Haba jama'a!

SHAWARA GA MASU SHIRYAWA DA MASU KALLO

Ga darakta mai neman sabon abu, ga fitowa nan kyauta. Ranar girkin amarya ce a gidan gandu. Maigida ya dawo daga kasuwar Dambatta da ɗan ƙullin nama da bai cika tafin hannu biyu ba. Uwargida ta kalli naman ta kalli yara, ta yi murmushin da ke cewa "bari mu gani." Amarya ta jawo turmi. Ba waƙa, ba rawa, ba boka. Bayan magariba kwanuka suka dawo a suɗe, babu yaron da ya yi kuka, tsohuwa ta leƙo ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Uwargida ta yi shiru, can ta ce, "Ƙanwata, gobe kya nuna min yadda kika yi." Duk macen da ta taɓa riƙe muciya za ta gane abin da ya faru a wannan gida, kuma za ta nemi kashi na biyu.

Ga 'yan mata masu kallo kuwa, a ci gaba da kallo, a ci gaba da son jarumai, ba laifi. Amma kafin a raina injin taliyar da ke ɗaure a bencin Inna, a tuna cewa ya biya kuɗin makaranta, ya yi kayan ɗaki, ya rufa asirin gidaje a shekarun da gona ta ƙi. Samari ma kada su ce ba ruwansu. Wanda ya iya soya Indomie da ƙwai a shago zai iya wannan, kuma mahaifiyarsa za ta ji daɗi ranar da ya hutar da ita.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A gwada girkin nan ranar kasuwa mai zuwa, a fara da rabin kilo, a ga ko akwai wanda zai tashi daga tabarma bayan cokali biyu kamar Alhajin fim.